ZAƁEN HANYAR HAWAN DUTSE GA MAI KOYO: DARASI DAGA DUWATSUN SHERE

Gabatarwa

Allah ya albarkaci Nijeriya da duwatsu masu yawa, manya da ƙanana, tun daga Idanre a Jihar Ondo har zuwa Chappal Waddi a Jihar Taraba, wanda tsawonsa ya kai mita 2,419, ya kuma fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. Kowace shekara ɗaliban makarantu, da 'yan sikawut, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, da ma'aikatan da suka sami hutu, sukan tafi duwatsun nan domin yawon buɗe ido da motsa jiki. Wannan al'ada ce mai kyau, domin tana ƙara lafiya, tana koya wa matasa juriya da taimakon juna, tana kuma sa su san ƙasarsu.

Sai dai dutse ba filin ƙwallo ba ne. Wanda ya faɗo daga tsawon mita 5 a kan dutse yana iya karya ƙashin baya ko ya fasa kai, kuma babu motar asibitin da ke isa can. Sau da yawa tun a ƙasa ake ƙulla irin wannan hatsari, watau lokacin da aka zaɓi hanyar da ta fi ƙarfin masu binta. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai koyo, da malamin makaranta, da shugaban ƙungiyar matasa, yadda za su bambance hanyar da ta dace da sabon shiga da wadda ba ta dace ba. An ɗauki Duwatsun Shere na Jihar Filato a matsayin misali, amma ƙa'idojin za su yi amfani a sauran duwatsun ƙasar nan.

1. Mene ne hawan dafe?

Hawan dutse iri uku ne. Na farko shi ne tafiyar ƙafa zalla, inda mutum ke bin turba ko matakala, hannuwansa a sake, kamar yadda ake hawa Dutsen Dala a Kano. Na uku shi ne hawan bangon dutse miƙaƙƙe da igiya da ƙarafuna, wanda ba ya yiwuwa sai da horo na musamman. Dutsen Wase yana cikin irin waɗannan. Tsakaninsu akwai na biyu, wanda a wannan darasi aka kira hawan dafe, domin a cikinsa mutum yana tafiya ne da ƙafafunsa, amma a wurare da dama tilas ya dafa dutse ko ya kama shi da hannu kafin ya wuce.

Hawan dafe yana da daɗi, ba ya kuma bukatar kaya masu tsada. Amma a nan ne haɗarinsa yake. Mai tafiya a turba ba ya isa wurin da zai yi mummunar faɗuwa, mai hawan bango kuwa igiya tana tare shi in ya zame. Mai hawan dafe yana isa wurin faɗuwa, ga shi kuma ba igiya. Saboda haka babban abin da ke tsare shi, bayan kiyayewar Allah, shi ne hanyar da ya zaɓa.

2. Duwatsun Shere

Duwatsun Shere suna gabas da birnin Jos, tazarar kimanin kilomita 10. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga bakin teku, watau kimanin ƙafa 6,000, alhali Jos kanta tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200. Mutanen Afizere, waɗanda Hausawa suka fi sani da Jarawa, su ne mazauna ƙauyukan da ke gindin duwatsun tun kaka da kakanni.

A nan ne Makarantar Dutse ta Cibiyar Koyar da Zama Ɗan Ƙasa Nagari da Shugabanci take, wadda jama'a suka fi sani da Man O' War. Wani Bature mai suna Alec Dickson ne ya kafa cibiyar a 1951 a bakin teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe, a ƙasar Kamaru. Daga baya aka dawo da ita Nijeriya, ta zauna a Kura Falls, sa'an nan ta koma Shere. Tana ƙarƙashin ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin matasa. Zamanta a wurin yana cikin dalilan da suka sa Shere ta dace da mai koyo, domin akwai malaman da aikinsu ke nan, waɗanda za a iya neman shawararsu.

Dutsen Shere irin wanda masana ke kira giranit ne, mai tauri da kaushi. Ya samu ne daga narkakken dutse da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 140 da suka wuce, kuma a jikin irinsa ne ake samun kuzar da ta yi wa Filato suna. Yana da halaye uku da ya kamata mai hawa ya sani. Na ɗaya, idan ya bushe yana riƙe takalmi sosai, amma da zarar ya jiƙe, musamman inda gansakuka ta yi baƙin zane a kansa, sai ya koma kamar an shafa masa sabulu. Na biyu, rana da ruwa suna sa bayansa ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, har wani fallen da ake gani kamar a manne yake ya ɓalle in an ja shi. Na uku, yakan tsattsage ya zama manyan duwatsu mulmulallu, wani bisa wani, da ramuka masu zurfi a tsakaninsu.

3. Matakan wuya

Masu hawan dutse na ƙasar Birtaniya sun kasa hawan dafe mataki uku. Ba a riga an yi wa hanyoyin duwatsunmu irin wannan lamba a rubuce yadda kowa zai dogara da ita ba, amma sanin matakan zai taimaki mai koyo ya auna abin da ke gabansa.

Mataki na 1: ana dafawa jefi-jefi, wuraren kamawa manya ne, hanya a bayyane take, kuma galibi akan iya kewaye wuri mai wuya. Ba a bukatar igiya.

Mataki na 2: wuraren dafawa sun fi tsawo da tsayuwa, gane hanya yana bukatar ƙwarewa, kuma akwai inda mai hankali zai so a ɗaura masa igiya.

Mataki na 3: ya yi kusa da hawan bango sosai. Ana bukatar igiya da sanin yadda ake aiki da ita, kuma komawa da baya yana da wuya.

Mai koyo ba shi da hurumi a mataki na 2 da na 3. Ko a mataki na 1 ma sai an tace. Akwai wani doron dutse a ƙasar Wales da ake kira Crib Goch, wanda ke mataki na 1, amma siriri ne ƙwarai, ga rami dama da hagu, kuma mutane sun sha rasa rayukansu a kansa. Abin lura a nan shi ne, wuyar hawa daban, munin faɗuwa daban. Mai zaɓen hanya tilas ya auna su duka biyu.

4. Tambayoyi shida kafin a zaɓi hanya

(a) In an zame, ina za a faɗa?

Wannan ita ce uwar tambayoyi. A kowane wurin da za a dafa, a duba abin da ke ƙarƙashinsa. In faffaɗan dandamali ne ko ƙasa mai ciyawa, kuma tsawon wurin bai wuce tsayin mutum ɗaya da rabi ba, to, ya dace da mai koyo. In kuwa a ƙarƙashinsa akwai gangare mai santsi wanda ya ƙare a bakin rami, to, bai dace ba, komai sauƙinsa. Fa mai laushin gangare yakan yaudari mutane ta wannan fuska: a ƙasa kwance yake, sai a yi ta tafiya a kansa a tsaye, yana ƙara miƙewa kaɗan-kaɗan, har mutum ya kai inda ba gaba ba baya.

(b) Za a iya sauka ta inda aka hau?

Sauka ta fi hawa wuya. Mai hawa yana ganin wurin kamawa a gaban idonsa, mai sauka kuwa ƙafarsa ce ke lalube a inda ido ba ya gani, ga gajiya kuma ta riga ta kama shi. Ƙa'idar ita ce kada mai koyo ya hau wurin da ba zai iya sauka daga gare shi ba. A wuri mai wuya na farko da aka tarar, kowa ya hau taku biyu ko uku, ya sauko. Wanda ya kasa, to, hanyar ta fi ƙarfin ƙungiyar duka. A guji hanyar da sai an yi tsalle daga wani dutse zuwa na ƙasa da shi, domin wanda ya dira ba lalle ne ya iya komawa ba. Hanya mafi kyau ita ce wadda ake hawa ta wurin dafe, a sauko ta turbar ƙafa.

(c) Akwai mafita a tsakiya?

Hadari yana iya tasowa, wani yana iya gurɗewa, wani kuma tsoro ya kama shi. Hanyar mai koyo ita ce wadda wuraren dafawarta gajeru ne, rarrabe da juna, da wurin hutawa a tsakaninsu, kuma daga wurare biyu ko uku a jikinta akwai turbar da za ta kai mutum ƙasa ba tare da sai ya kai ƙololuwa ba. A san waɗannan mafita tun kafin a tashi.

(d) Hanyar a bayyane take?

Doron dutse mai faɗi ya fi kwazazzabo. Wanda ke bisa doro yana ganin gabansa da bayansa, dutsen wurin ya fi bushewa, kuma ba abin da zai gangaro masa daga sama. Kwazazzabo kuwa, ko da yake yana jan ido domin kamar a kare yake, shi ne magudanar ruwa da tsakuwa da ɓallallun duwatsu, kuma sau da yawa yakan ƙare a gindin wani ƙaton dutse da ya toshe shi. Hanyar da mutanen ƙauye ke bi zuwa itace ko gonakin kan dutse ta fi aminci, domin sawu ya share ta, an kuma daɗe da kawar da duwatsun da ke motsi. Amma a kula da turbar awaki, domin akuya tana bin inda mutum ba zai iya ba.

(e) Yaya jikin dutsen yake?

A nemi dutse busasshe, mai kaushi, wanda yake a haɗe. A guji baƙin zanen da ruwa ke bi, da tarin tsakuwa a kan fa, da fallen da ke ƙara kamar ganga in an buga shi da tafin hannu, domin wannan alama ce cewa cikinsa a rabe yake da uwar dutsen. Duwatsun da suka ɗare bisa juna, irin na Riyom, na kallo ne da ɗaukar hoto. Haka kuma a tambaya ko akwai ƙudan zuma a kogunan da ke kan hanyar. Zuma tana yin gida a tsagar dutse, kuma wanda ta tasam ma a wuri mai tsayi ba shi da wurin gudu.

(f) Wa ya fi kowa rauni a cikin ƙungiyar?

Da shi ake auna hanya. In a cikin mutum takwas akwai yaro ɗan shekara 12, ko mai ciwon asma, ko wanda jiri ke ɗiba in ya leƙa ƙasa, to, hanyar da za ta yi masa ita za a bi. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya su nemi shawarar likita tukuna. Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa a kan manyan duwatsu galibi yana farawa ne daga mita 2,500 zuwa sama, saboda haka ba shi ne abin damuwa a Shere ba. Gajiya da ƙishirwa su ne.

5. Taswira da ɗan gari

Ofishin Babban Safiyo na Tarayya yana da taswirori masu ma'aunin 1:50,000, watau santimita 2 a takarda daidai take da kilomita 1 a ƙasa. A jikinsu akwai layukan tsawo, kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda layukan suka yi nesa da juna ƙasa kwance take, inda suka matsu kuwa a tsaye take. In ƙasa ta tashi mita 100 a cikin tazarar milimita 4 a takarda, watau mita 200 a ƙasa, gangaren ya kai kusan digiri 27, ana iya hawansa da ƙafa da ɗan nishi. In ta tashi mita 100 a cikin milimita 2 kawai, ya kai digiri 45, wannan kuwa ya wuce na mai koyo. A lura cewa tsofaffin taswirori da ƙafa aka auna tsayi a cikinsu, ba da mita ba.

Taswira tana da iyaka. In tazarar layi da layi ƙafa 50 ce, watau wajen mita 15, to, bango mai tsawon mita 10 yana iya ɓuya tsakanin layi biyu ba a gan shi ba. Haka nan taswirar da ke cikin wayar hannu tana nuna wa mutum inda yake, amma ba ta faɗa masa ko dutsen da ke gabansa yana hawuwa. Hanyoyin da wasu ke sakawa a intanet kuma ba a san ƙwarewar wanda ya bi su ba.

Don haka ne Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Kafin a hau, a je a gai da mai unguwa ko dagacin ƙauyen da ke gindin dutsen, a faɗa masa yawan mutane da inda za a bi da lokacin dawowa, a kuma nemi jagora. Akwai wurare a duwatsun Filato da mutanen wurin ke girmamawa bisa al'adarsu, waɗanda baƙo ba ya shiga sai da izini. Jagora zai kuma nuna inda tsofaffin ramukan haƙar kuza suke, waɗanda ciyawa kan rufe bakinsu. Sai dai a tuna cewa ɗan ƙauyen da ya tashi a kan dutse yana iya kiran wuri mai sauƙi alhali ga baƙo mai wuya ne. A yi masa tambaya dalla-dalla: wuri nawa ake kamawa da hannu, tsawon kowanne kamar tsayin mutum nawa, kuma mata masu ɗauke da itace suna bin hanyar?

Batun tsaro ma yana cikin zaɓen hanya. A tambayi 'yan sanda da sarakunan gargajiya halin da yankin ke ciki a makon da za a tafi. Duwatsun Mandara da ke kewayen Gwoza, alal misali, sun zama maɓoyar 'yan tada ƙayar baya tun wajen 2014, saboda haka kada wata ƙungiya ta nufi can sai hukumomin tsaro sun tabbatar mata da cewa an sami lafiya.

6. Lissafin lokaci

A 1892 wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da wata ƙa'ida da har yanzu ake aiki da ita: a ba kowace kilomita 5 sa'a ɗaya, a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan lissafi na ƙaƙƙarfan mutum ne mai tafiya a turba ba hutawa. Ga ƙungiyar masu koyo a wurin dafe, inda ake wucewa ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a ninka shi biyu, a kuma ƙara lokacin hutu.

Ga misali. A ce hanya kilomita 6 ce zuwa da dawowa, kuma za a hau mita 450. Kilomita 6 za ta ci sa'a 1 da minti 12. Mita 450 za ta ci minti 45. Jimla kusan sa'a 2 ke nan. In an ninka ya zama sa'a 4, in an ƙara sa'a 1 ta hutu da cin abinci ya zama sa'a 5. Ƙungiyar da ta tashi da ƙarfe 6:30 na safe ya kamata ta kai ƙololuwa wajen 9:30, ta dawo ƙasa wajen 11:30. Sai shugaba ya yanke lokacin juyawa tun a gida, ya ce in ƙarfe 10:00 ta yi za a juyo ko an kai ko ba a kai ba, kuma ya tsaya a kan maganarsa. A yankin Jos rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri bayanta. Hanyar da lissafinta ya wuce sa'a 6 a bar ta sai an ƙware.

7. Lokacin shekara

Damina a Filato tana farawa wajen watan Afrilu ta ƙare a Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. A wannan lokaci dutse a jiƙe yake, hazo yakan rufe ƙololuwa, rafin da aka tsallake da safe kuma yana iya cika kafin la'asar. Hanyar da ke mataki na 1 da rani tana iya zama mataki na 2 da damina. Mafi dacewa ga mai koyo shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dutse ya bushe. Amma shi ma yana da nasa sharuɗɗa. A farkonsa ciyawa doguwa ce, tana ɓoye ramuka da macizai. A tsakiyarsa ƙurar hunturu tana rage gani, iska kuma tana da ƙarfi a bisa doro. Sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, watau ƙololuwar Shere ta fi cikin Jos sanyi da wajen digiri 4, ban da iska. Sa'an nan ga gobarar daji, wadda ta fi sauri in tana hawa tudu. Wanda ya hango hayaƙi a ƙarƙashinsa kada ya ci gaba da hawa a saitinsa. Ya kauce gefe zuwa fa marar ciyawa.

A saurari hasashen hukumar NiMet kafin a tashi. In an ga walƙiya, a ƙidaya daƙiƙoƙi har a ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a sauka daga ƙololuwa da doro nan da nan, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai da bakin kogo marar zurfi, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

8. Misalin hanyoyi biyu

A ce malami yana da ɗalibai shida, jagora ya nuna masa hanya biyu zuwa ƙololuwa ɗaya. Ta farko gajera ce, kilomita 1 da rabi, ta bi cikin kwazazzabo, ta fito kan wani fa mai gangare wanda tsawonsa ya kai mita 30, da rami a ƙarƙashinsa. Ta biyu ta kai kilomita 3, ta bi turbar masu itace, ta hau doro mai faɗi, tana da wuraren dafawa huɗu, ba wanda ya wuce mita 2 da rabi, kowanne da dandamali a ƙasansa, kuma bayan na biyu akwai turbar da ke sauka wani ƙauye.

Ɗalibai za su so ta farko domin ƙololuwa tana kusa. Malamin da ya auna da tambayoyin nan shida zai ga cewa ta faɗi a huɗu daga cikinsu: faɗuwa a kanta mummuna ce, saukarta ta fi hawanta wuya, ba ta da mafita, kuma kwazazzabo ne. Ta biyu ita ce hanyar mai koyo, ko da za ta ci ƙarin sa'a guda. Sannu ba ta hana zuwa.

9. Kaya da ƙa'idojin tafiya

Takalmi ya zama mai igiya, mai tafin roba da zane a ƙasansa. Silifa da takalmi mai tafin fata ba su hawa dutse. A sa wando da riga marasa yalwa, domin babbar riga da zane da dogon mayafi suna kama dutse, suna kuma rufe wa mutum ganin ƙafarsa. Mata su sa wando da ɗankwali ko hijabi gajere da za a cusa cikin riga. Kaya duka a zuba a jakar goyo domin hannu biyu su zama a sake. Kowa ya ɗauki ruwa lita 2 zuwa 3, da abinci marar nauyi irin su dabino da gyaɗa, da rigar sanyi, da hula, da tocila, da usur. Shugaba ya ƙara da taswira, da kamfas, da akwatin taimakon farko, da gishirin zawo, da waya cike da caji. Inda aka sami hular kwano a sa ta.

Kada ƙungiya ta gaza mutum huɗu, domin in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. A wurin dafawa a motsa gaɓa ɗaya a lokaci guda, sauran ukun suna riƙe da dutse. Nauyi a kan ƙafa yake, hannu na daidaitawa ne. A gwada kowane makami kafin a dogara da shi. Kada a kama ciyawa ko ƙaramin reshe, kada kuma a cusa hannu a tsagar da ido bai ga cikinta ba, domin nan ne maciji da kunama ke fakewa. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin mai hawa. Wanda ya ture dutse ya ɗaga murya ya ce, “Dutse!” A wuri mai tsayi a sauko ana fuskantar dutse. Mai son ɗaukar hoto ya tsaya cak a wuri mai faɗi tukuna, kada ya ja da baya yana kallon waya.

10. In hatsari ya auku

Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi sai in barinsa a wurin zai jawo masa wani hatsarin. A tsai da jini ta danna wurin da tsumma mai tsabta, a lulluɓe shi. A gwada kiran lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da lambar mai unguwa, wadda ya kamata a karɓa tun da safe. Alamar neman taimako da masu hawan dutse suka sani ita ce busa usur sau shida a cikin minti ɗaya, a dakata minti ɗaya, a sake.

Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi da ɗan katako, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya zama kamar lafiya lau na sa'o'i da dama kafin alamu su bayyana.

Kammalawa

Mai koyo ya fara da turbar ƙafa, sa'an nan gajeriyar hanyar dafe tare da wanda ya sani, ya maimaita irinta sau da dama kafin ya nemi wadda ta fi ta. Shugaban da ya juyo da mutanensa daga rabin hanya saboda hadari ko gajiyar yaro guda ya sauke amanar da iyaye suka ba shi, kuma dutsen yana nan za a sake komawa. Makarantu da ƙungiyoyin da ke shirin kai matasa Shere su tuntuɓi Makarantar Dutse tun kafin su sa rana.

Tambayoyi domin bita

1. Mene ne bambancin wuyar hawa da munin faɗuwa?
2. Don me doron dutse ya fi kwazazzabo dacewa da mai koyo?
3. Hanya kilomita 5 ce zuwa da dawowa, da hawan mita 300. Sa'a nawa ƙungiyar masu koyo za ta ware mata?
4. An ga walƙiya, aka ji tsawa bayan daƙiƙa 12. Nisan kilomita nawa ke nan, kuma me ya kamata a yi?
5. A kawo tambayoyi uku da za a yi wa jagora kafin a amince da hanya.